Gwanayen Riƙon Tarihi a Ƙasar Guddiri

In baƙo ya sauka a tashar Azare ya ce Katagum ya nufa, sai an tambaye shi wacce. Hedikwatar Ƙaramar Hukumar Katagum a nan Azare take, fadar Sarkin Katagum ma a nan take. Shi kuwa garin da ake kira Katagum yana can arewa, tafiyar kimanin kilomita 70, a bakin kogin Jama'are, kuma hedikwatar wata ƙaramar hukumar ce daban, wato Zaki. Yaran mota sun san hanya, za su nuna maka motar da za ka shiga. Amma yadda aka yi sarki yake nan, garin da ya ba sarautar suna yake can, wannan sai ka nemi waɗansu mutane da ba su da ofis, ba su da allo a ƙofar gida, sana'arsu ma ba ta da wani suna na musamman. Abin da za a ce maka kawai shi ne, "Je wurin wane, shi ya san mutanen da."

Na je wurin irin waɗannan mutane, kuma tun ranar farko na daina yi musu kallon tsofaffi masu hira. Aikinsu gwaninta ce mai ƙa'ida, kamar ƙira ko gini. Ana koyonta shekara da shekaru a gaban wanda ya iya, kuma a cikinta akwai gwani, akwai ɗan koyo, akwai mai kwaikwayo.

Wanda ya fara buɗe mini ido wani dattijo ne a tsohon garin Katagum. Na same shi bayan la'asar a zaurensa, zaune kan buzu, ya jingina da bango. Muka gaisa, na ajiye goro, na ce, "Baba, tarihin garin nan na zo nema." Bai amsa ba tukuna. Sai ya buɗe tafin hannunsa na dama, ya ɗora babban yatsa a gindin ƙaramin yatsa, yadda ake yi in za a ja tasbihi babu carbi. Ya ce, "Malam Zaki." Ya matsa gaɓa ta biyu: "Liman Adandaya." Ta uku: "Ɗankauwa." Ya koma yatsa na gaba: Abdurrahman, Abdulƙadir, Muhammadu Haji. Na tsakiya: Abdulƙadir na biyu, Muhammadu, Abdulƙadir na uku. Manuni: Umaru Faruƙu, Muhammadu Kabir, sai Mai Martaba na yanzu, Umar Faruƙ na biyu. Yatsu huɗu, gaɓa uku-uku, sarakuna goma sha biyu cif. Ya rufe hannun ya ce, "To ɗana, yanzu tambayi abin da kake so, in gaya maka a wace gaɓa yake."

A kan wannan jeri aka gina sana'ar gaba ɗaya. Mai riƙon tarihi da zamanin sarakuna yake auna lokaci, kuma kowane labari yana da gaɓar da aka rataye shi. Ƙaramin yatsa na kafuwa ne. A nan Malam Ibrahim Zaki yake, ɗaya daga cikin waɗanda suka karɓi tuta daga Shehu Usmanu Ɗanfodiyo. Shi ya ci Shira da Tashena, ya kai yaƙi har Birnin Gazargamu, babban birnin Borno, ya shige shi, aka kira shi Sarkin Borno, ya dawo ya kafa Katagum, ya rasu a 1814. A nan kuma Ɗankauwa yake, mai shekara talatin a kan gado, daga 1816 zuwa 1846. Yatsa na biyu na tsaron gida ne, zamanin da Buhari na Haɗejiya ya yi wa Sakkwato tawaye ya addabi maƙwabtansa, da zamanin da Rabe ya ci Borno a 1893, hankalin duk ƙasashen gabas ya tashi. A gaɓar farko ta yatsan tsakiya Turawa suka zo, 1903, aka haɗa Katagum da Lardin Kano. A gaɓa ta uku, zamanin Abdulƙadir na uku, sarauta ta tashi daga Katagum ta koma Azare a 1916, bayan shekara goma kuma aka mayar da ƙasar cikin Lardin Bauchi. Amsar tambayar tasha ke nan. 'Yancin kai na 1960 da ƙirƙiro Jihar Bauchi a 1976 duk a gaɓar Umaru Faruƙu suke.

Ni ne na saka waɗannan alƙaluma daga littattafai. Baba bai ambaci ko ɗaya ba, amma kuma bai ɗauki labarin wani sarki ya ba wani ba, bai sa na baya a gaba ba. Wannan kuwa ba ƙaramin aiki ba ne a jerin da yake da Abdulƙadir uku, da Umar Faruƙ biyu, da Muhammadu bila adadin in aka haɗa da 'ya'yan sarki da hakimai. Gwani ba ya barin suna tsirara. Sai ya haɗa shi da na uba, ko ya faɗi ɗakin da aka haifi mai sunan, ko garin da ya riƙa kafin ya hau gado, ko inda ajali ya same shi. Dabarar tsohuwa ce a ƙasar Hausa. Kanawa suna cewa Usman Maje Ringim da Abdullahi Maje Karofi, Sakkwatawa suna cewa Atiku Mai Katuru. Laƙabin da kansa ɗan guntun tarihi ne, wanda ya riƙe shi ya riƙe mutum da wuri a lokaci guda.

Zamanin sarki ɗaya yana iya kai shekara talatin ko arba'in, saboda haka akwai ƙananan turaku da ake kafawa a tsakani. Yawancinsu masifu ne, don su ne ba a mantawa. Akwai Sannu, annobar da ta share shanu wajajen 1890. Akwai Ƙaƙalaba, yunwar 1913 zuwa 1914. Akwai Marisuwa, murar da ta kashe mutane a 1918. Na baya-bayan nan sukan ce shekarar da mota ta koma hannun dama, 1972, ko shekarar canjin kuɗi, da fam da sule suka ba naira wuri a 1973. A ce ka tambayi gwani yaushe aka haƙa wata rijiya. Zai ce maka kakansa yana yaro mai kiwon awaki lokacin Ƙaƙalaba, rijiyar kuwa tana nan ana sha, uban kakan kuma ya ga haƙarta bayan Sannu ta wuce. Ka ga ya matse maka ita tsakanin turaku biyu, cikin shekara ashirin da 'yan kai. Masu ilimin tarihi na jami'a haka suke yi in takarda ba ta ɗauke da kwanan wata, sai dai su da biro suke yi, shi kuwa da ka.

Akwai wani wuri da 'yan boko suke yawan zaluntar dattawan nan. Sai a ga shekarun da tsoho ya ba wani sarki sun ɗara na littafi da ɗaya, a ce ai ƙwaƙwalwa ta fara gajiya. Alhali shi da wata yake lissafi. Shekarar Musulunci ta gaza ta Turawa da kimanin kwana goma sha ɗaya, don haka duk shekara 33 ta wata daidai take da 32 ta rana. Marigayi Sarki Muhammadu Kabir Umar ya hau gado a 1980, ya rasu a watan Disamba na 2017. Mai kalanda zai ce shekara 37, mai ƙirga azumi da salla zai ce 38, kuma kowanensu gaskiya ya faɗa. In aka tara wannan bambanci a kan shekara ɗari biyu da masarautar ta yi, sai a sami rarar shekara shida. Wanda bai san wannan ba zai ɗauki jan biro ya gyara abin da ba kuskure ba ne.

Abin da ya fi burge ni duka shi ne yadda gwani yake rarrabe maganarsa hawa-hawa. In ka saurara da kyau za ka ji kala uku. Akwai "na gani da idona". Akwai "wane ya gaya mini, shi kuwa ya gani", tare da sunan wanen, da sana'arsa, da dalilin da ya sa yana wurin. Sai kuma "haka dai ake faɗa", wanda yake nufin ka ɗauka, amma kada ka jingina da shi. Baba bai taɓa cakuɗa su ba. Da na kawo masa wani labari da na ji a Azare, tambayar farko da ya yi mini ita ce, "Daga bakin wa ka ji?" Na faɗa masa. Ya ce, "Shi kuma daga wa?" Na yi shiru. Ya ce, "To ajiye shi a gefe tukuna, kada ka jefar, kada kuma ka rubuta." Duk wanda ya zauna a makarantar zaure ya san daga inda wannan tarbiyya ta fito. Isnadi ne irin na malaman hadisi, ya sauko daga littafi ya shiga hirar zaure. Masarautar da malami ya kafa, ba abin mamaki ba ne a sami wannan a bakin dattawanta. Shi ya sa kuma Bahaushe ya raba tatsuniya da labari tun daga buɗe baki: wadda aka fara da "ga ta nan" aka rufe da "ƙurunƙus" ba a tambayar mai ita hujja, wanda aka ce ya faru kuwa dole a ce ga wanda ya gani.

Mutane sukan ɗauka cewa shekara ɗari biyu nisa ne da baki ba zai iya ɗauka ba. A yi lissafi. Mai shekara tamanin a yau an haife shi wajajen 1945. Yana ɗan shekara goma sha biyar, a 1960, ya zauna gaban tsoho mai tamanin, haifaffen 1880. Shi kuma wancan yana saurayi, wajajen 1895, ya ji daga wanda aka haifa a 1815. Wannan na ƙarshen yana ɗan shekara tara lokacin da Turawan farko suka shigo Katagum. Baki uku kacal tsakaninmu da zamanin Ɗankauwa.

Zuwan Turawan nan ya ba mu damar gwada baki da takarda. A farkon watan Janairu na 1824 Hugh Clapperton da likita Walter Oudney suka iso Katagum daga Borno, a kan hanyarsu ta zuwa Kano. Oudney ba shi da lafiya, kuma jim kaɗan bayan sun bar garin ya rasu a Murmur, ranar 12 ga watan. Clapperton ya rubuta abin da ya gani: ganuwa biyu ta jar ƙasa, ɗaya cikin ɗaya, tsayinsu kimanin ƙafa 20, kaurin gindi ƙafa 10, da gwalalo uku, da ƙofofi huɗu. Ya ƙiyasta mutanen garin tsakanin 7,000 da 8,000, ya ce ƙasar tana iya fitar da dawaki 4,000 da dakaru 20,000. A nan ne kuma ya fara ganin ana ciniki da wuri tun da ya baro Borno. Sunan sarki ya rubuta shi yadda kunnensa ya jiye masa, Duncowa, kuma sai wanda ya riga ya san jerin nan na kan yatsu ne zai gane Ɗankauwa ake nufi.

Shaida ce mai daraja, ba wanda zai raina ta. Amma baƙon kwana kaɗan ne ya ba da ita, kuma ta tsaya a ranar da ya fita ƙofar gari. An buga littafin a Landan a 1826, mutanen Ingila suna karanta labarin birni mai ganuwa biyu da ba a shiga. A wannan shekarar ce Shehu Laminu na Borno ya taso da runduna, Ɗankauwa ya fita ya bar garin, har sai da Yakubun Bauchi ya tare mutanen Borno a Fake ya mayar da su. Wa ya fita tare da sarki, wa ya tsaya, ina aka kai mata da yara, waɗanne gidaje ne suka tafi ba su dawo ba? Irin waɗannan tambayoyi littafin Landan ba shi da amsarsu, a zauruka ake neman ta, gida-gida, wurin jikokin jikokin waɗanda abin ya shafa.

A nan ne ake gane babban gwani, domin labarin yaƙi fuska biyu gare shi. Malam Zaki a Katagum uba ne, malami mai tuta, wanda ya kafa gida. A Borno kuwa shi ne mutumin da ya sake shiga Gazargamu bayan Gwani Muktar ya fara cin sa, birnin da ya yi fiye da shekara ɗari uku yana mulki, wanda bai sake tashi ba. Muhawarar ko yaƙin ya halatta ma malamai sun yi ta tun a lokacin, wasiƙun da aka yi musaya tsakanin Shehu Laminu da Muhammadu Bello suna cikin littafin Infaƙul Maisuri. Haka Buhari, a Haɗejiya jarumi ne da ake tinƙaho da shi, a garuruwan da dawakinsa suka bi kuwa wani abu daban ake tunawa. Ɗan koyo fuskar gidansu kaɗai ya sani. Gwani yakan ce, "Mu haka muke faɗa, su kuma mutanen Haɗejiya ga yadda suke faɗa," ya kawo nasu ba tare da ya rage masa gishiri ba, sannan ya nuna maka inda labaran biyu suka haɗu. Wurin haɗuwar nan shi ne ƙasa mai ƙarfi, don abokan gaba ba sa haɗa baki su ƙaga abu ɗaya.

Washegari da sassafe Baba ya sa jikansa ya riƙe masa sanda, muka fita bayan gari. A nan na ga rabin sana'ar da ba a yi a zaune. Ya tsaya a wata gona da aka girbe gero, ya sa ƙafa ya tona ƙasa, sai ga tsingaro. Ya ɗauki guda ya goge da babban yatsa, ya nuna mini zanen da ke bakinsa da kaurinsa, ya ce wannan ba irin tukunyar da matan yanzu suke ginawa ba ce. Ya nuna mini wani tudu mai tsawo da ya lanƙwasa, da kwari a gefensa inda ciyawa ta fi tsayi. Ni tudu na gani, shi kuwa ganuwa da gwalalonta yake gani, har yana nuna inda tudun ya yanke ya ce nan ƙofa ce. Ya koya mini cewa in ka ga kukoki sun taru a daji wuri ɗaya, ka duba ƙasa, kufai ne, don kuka tana bin mutum saboda miya. In ka ga baƙin dutse mai ƙuraje mai nauyi, kashin maƙera ne, an yi ƙira ko an narka tama a wurin. In ka ga ƙananan ramuka a jere da toka mai tauri, marina ce, marina kuwa ba ta zama sai inda akwai masaƙa da kasuwa. Daga ɗan abin da ya cika tafin hannu ya tayar mini da unguwa guda, da sana'o'inta.

Wannan karatun ƙasa shi ne hanyar da ake leƙa abin da ya gabaci ƙaramin yatsa. Kafin Malam Zaki akwai Shira da Tashena da Auyo, tsofaffin ƙasashe da ake cewa 'yan'uwa uku ne suka kafa su. Kowacce tana da harshenta, dangin Badanci da Ngizimanci, kuma duka ukun sun mutu, Hausa ta haɗiye su. A duwatsun Shira akwai zane-zane a jikin dutse da hukuma ta sa cikin kayan tarihin ƙasa, waɗanda babu bakin da ya kai zamanin masu yin su. Amma harshe ba ya mutuwa bai bar sawu ba, kuma gwani yana bin sawun a sunayen garuruwa, da na tafkuna, da na sarautu. Galadima da Ciroma daga Borno suka shigo ƙasar Hausa, haka Bulama da ake kiran mai gari ko mai unguwa a wannan yanki. Sunan Guddiri ma ana danganta shi da kirarin da ake yi wa ƙasar na cewa ita ce ƙaramar Borno, kuma Guddiranci, Hausar da ake yi a nan, masana harshe sun san ta a matsayin karin harshe mai zaman kansa. Mutumin da ya iya sauraro yana jin iyakar Hausa da Borno a cikin gaisuwar safe.

Kuskure ne babba a tsaya a zaure kawai. Rabin tarihin kowace masarauta a cikin gida yake, wurin tsofaffin mata. Maza sun riƙe wa ya haifi wa ta wajen uba, da yaƙi, da naɗi. Mata su suka san uwar kowane ɗan sarki, daga wane gari aka kawo ta, wace 'yar sarki aka kai wa wane malami ko wane hakimi, wa ya sha nono da wa. Sau da yawa dalilin da ya sa sarauta ta tsallake wannan ɗaki ta faɗa wancan, ko ya sa wani gari bai taɓa yi wa fada tawaye ba, yana cikin waɗannan aurarraki. Sauraronsu kuma yana da tasa gwanintar, saboda alkunya. Tsohuwa ba za ta kama sunan mijinta ba, ko na ɗanta na fari, ko na surukinta. Za ta ce "mai gidan nan", ko "mai sunan Malam", ko "wancan yaron". Wanda bai san gidan ba zai fito da littafi cike da mutane marasa suna. Sai an tafi da wata 'yar gida da za ta riƙa warware maka a hankali bayan an fito.

Maroƙa da makaɗan fada su ma ma'aji ne, kuma kirari yana da wata daraja da hira ba ta da ita: kalmominsa a ɗaure suke da kiɗa, ba a canja su yadda aka ga dama, har akan sami maroƙi yana faɗin kalmar da shi kansa ya gada ne bai san fassararta ba. Sai dai aikin maroƙi fito da mutum ne, ba zai tsaya gaban sarki ranar hawan salla ya ambaci yaƙin da kakansa ya sha kashi ba. Mai riƙon tarihi ya san haka, yana ɗaukar suna da wuri daga bakin maroƙi, ya bar masa zugar. Ya kuma san sauran ramukan hanya. Sarki mai gajeren zamani yakan ɓace daga jeri, ayyukan mutum biyu masu suna ɗaya sukan narke su zama na mutum ɗaya, kuma waɗanda aka ci da yaƙi, da bayi, da talakawan ƙauye, muryarsu ba ta kai ta fada ƙarfi ba. Gwanin da na yarda da shi shi ne wanda yake tashi takanas ya je ya ji daga bakin waɗannan.

Masu bincike na waje sun daɗe da gane darajar mutanen nan. Wani jami'in mulkin mallaka, J. M. Fremantle, ya wallafa tarihin yankin Katagum a 1911. Bayansa Victor Low ya zo daga Amurka a shekarun 1960, ya zauna da dattawan Gombe da Katagum da Haɗejiya, ya fitar da littafi a 1972 a kan masarautun uku, wanda tun daga sunansa ya bayyana cewa a kan tarihin baka ya gina shi. Duk ɗalibin da ya ɗauko waɗannan littattafai a Zariya ko a Gidan Arewa da ke Kaduna, ya sani cewa muryar waɗansu tsofaffin Guddiri yake karantawa da Turanci. Wannan kuma ya haifar da sabuwar matsala. Labari yakan shiga littafi, malamin makaranta ya karanta, a faɗe shi a rediyo, ya dawo zaure, wani ya ba ka shi a matsayin abin da ya ji daga kakansa. Alamarsa ita ce ya zo sumul, da shekarun Turawa a jikinsa, babu sunan wanda ya gani, babu rijiya ko kuka ko ƙofar da za a nuna maka. Na gado kuwa yakan zo da ƙura, da ɗan abin da ba shi da amfani ga kowa, kamar launin doki ko abin da aka ci a daren, irin abin da marubuci ba zai ɓata tawada a kansa ba.

In aka yi zancen gidan tarihi, hankalinmu yakan tafi Gidan Makama a Kano, mu tuna sulke da lifidi da kwalkwali a bayan gilashi. Ƙasar Katagum ba ta rasa irin waɗannan kaya ba, suna nan a fada da gidajen sarauta da gidajen malamai: takubba, tambura, tsofaffin Alƙur'anai na hannu a cikin gafaka, wasiƙun ajami. Amma takobi ba ya magana. In babu wanda zai ce na wane ne, a wace gaɓa, a wane fage aka zare shi, kuma daga wa aka ji, to ƙarfe ne mai tsatsa. 'Yar takardar da ake mannawa a gefen kaya a gidan tarihi, layi biyu ko uku, daga kan irin su Baba take fitowa. Saboda haka ni a ganina aikin gidan tarihin garin nan daga zaure ya kamata ya fara, kafin bulo da gilashi. Ɗaliban Kwalejin Ilimi ta Aminu Saleh a Azare da na Jami'ar Sa'adu Zungur a Gadau kusan kowa yana da waya mai ɗaukar murya a aljihu, kuma yawancinsu jikokin mutanen nan ne, ba sa bukatar tafinta ko mai gabatarwa.

Sai dai zama gaban dattijo ma koyo yake so. Ba a zuwa da takardar tambayoyi a riƙa katse shi. Akan bar shi ya bi hanyarsa ko da ta yi nisa, don sau da yawa a kan hanyar ne abin da ake nema yake faɗowa. Ba a gyara masa da abin da aka karanta. Akan koma sau biyu, sau uku, a sake tambayar abu ɗaya ta wata fuska, a ga ko zai tsaya inda ya tsaya. In da hali a kai shi wurin da abin ya faru, don ƙasa tana tayar da abin da zaure ya kwantar. Kuma a rubuta isnadinsa kafin labarinsa.

Rana ta uku, da zan yi sallama, na tambayi Baba wani abu game da mutanen Tashena kafin zuwan Malam Zaki. Ya yi shiru, ya dubi tafin hannunsa, ya taɓa gindin ƙaramin yatsa, sannan ya zame babban yatsan ƙasa da shi, inda babu gaɓa. Ya ce, "Wannan a nan yake, ɗana, ni kuwa ban ji shi daga wanda zan iya kama maka sunansa ba." Ya kira jikansa ya ce ya kwatanta mini gidan wata tsohuwa a wani ƙauye gabas da kogi, wadda kakarta 'yar can ce. Ya ce in tafi da safe kafin rana ta yi zafi, in tafi da mace, kuma in na dawo in biyo in gaya masa abin da ta ce.